Lambar da ta fi ƙarfin mazubinta

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou. Manhajarta ce ta cusa adadi mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767. Adadin ya yi ambaliya, kwamfutocin jagora biyu suka tsaya cik. Wasu za su ce duba kowace lamba yana cin ƙarfin na'ura, kuma manhajar ta yi aiki lafiya a tsohuwar roka, Ariane 4. Haka ne, amma sabuwar rokar ta fi gudu, sai tsohon zaton cewa adadin ba zai wuce iyaka ba ya rushe. Wajibi ne mai rubuta manhaja ya san iyakar mazubinsa, ya kuma tanadi mafita tun kafin a ƙetare ta.