Lissafin Tashin Jirgin Sama a Cikin Kwamfuta

Na'urar koyon tuƙin jirgin sama ba ta da amfani sai lissafinta ya dace da halin iska. Manhajar FlightGear, wadda ta fito a 1997, tana aiki da tsarin lissafi mai suna JSBSim, wanda Jon Berndt ya soma a 1996. Shi ne ke auna ɗagawar fiffike, da turin inji, da nauyi, da tirjiyar iska.

To, zafin bazara irin na Illela yakan rage wa iska nauyi, har jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya tashi. In lissafi ya kuskure wannan, ɗalibi ya koyi ƙarya ke nan. Da yake kuwa rubutun tsarin a buɗe yake ga kowa, lalle ne masananmu su riƙa duba shi, suna gyara, suna ƙari.