Magungunan da Mai Kemis Zai Iya Sayarwa Ba Tare da Takardar Likita Ba

LAFIYA — A ƙauyuka irin su Arikya da ke Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, shagon kemis ne yakan zama asibitin farko. Saboda haka ya kamata duk mai son zuba jari a wannan sana'a ya san iyakar abin da doka ta yarje masa, da kuma wanda ke da ikon yarjewar.

A Amurka majalisun jihohi suna da ta cewa kan yadda ake rubuta magunguna masu sa maye. A Nijeriya kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya sanya magunguna da guba a lamba ta 21 cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ke nan Majalisar Dokokin Nasarawa ba ta da hurumin sassauta wa kowa.

Sassaucin da ke akwai shi ne lasisin masu kemis, wanda Hukumar PCN ke bayarwa a ƙarƙashin dokarta ta 2022. Lasisin ya ba su damar sayar da magungunan da ke cikin jerin da hukumar ta amince da shi, irin su farasitamol, ba tare da takardar likita ba. Tiramadol ba ya cikin jerin. Sai kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani, shi ma sai an kawo takarda. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta amince da ƙwayar miligiram 50 da 100 ne kawai, abin da ya haura haka kayan fasa-ƙwauri ne da jami'an NDLEA ke kamawa.

Maganin tari mai kodin shi ne misalin yadda sassauci ke janyewa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sauƙaƙa ƙa'ida kan haɗin da kodin ɗinsa bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Amma da shaye-shayen matasa ya yi ƙamari, musamman a Kano, sai Ministan Lafiya Isaac Adewole ya hana ba da izinin shigo da kodin don maganin tari a watan Mayun 2018, jim kaɗan bayan wani rahoton BBC. 'Yan kasuwar da suka cika sito da kwalabe, jarinsu ya maƙale ke nan.

Mai kemis da aka samu da irin waɗannan kaya, hukuma na iya garƙame shagonsa ta kwashe hajar, kafin ma a kai ga kotu.