Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa ta Salula

Ciwon da ba ya fid da jini shi ma ciwo ne. Mutum ya rasa barci, abinci ya fita ransa. Ya daina zuwa gona, ya daina shiga mutane. Wannan shi ake kira ciwon damuwa, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata cutar ƙwaƙwalwa.

Mu a Gaya mun san abin da ke hana magidanci barci. Ambaliyar 2020 ta ci gonakin shinkafa a bakin Kwara. A 2023 aka rufe gadar Malanville, ciniki ya tsaya, ƴan dako da direbobi suka zauna babu aiki.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa kaɗan ne a Nijar, yawancinsu suna Yamai. Daga Gaya zuwa can kusan kilomita 300 ne. Wane manomi zai bar gona tsakiyar damina ya yi wannan tafiya?

Shi ya sa muke kawo muku labarin wata dabara. A 2020, lokacin annobar korona, likitoci a ƙasashe da yawa suka koma jin kukan marasa lafiya ta waya, wani lokaci har suna ganin juna a allon salula. Da aka tambayi marasa lafiyar, akasarinsu sun ce sun gamsu. Ba kuɗin mota, ba dogon layi. Wani abin da ya daɗaɗa wa wasu rai shi ne sutura: babu wanda ya gan su a ƙofar asibiti, balle a ce wane ya taɓu. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci, daga baya aikin ya shiga WhatsApp.

Amma akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu ya shafe mu ƙwarai. Rezo yakan yanke mutum yana tsakiyar faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa. A gidajenmu sau da yawa salula ɗaya ce, tana aljihun maigida. Matar da damuwa ta kama bayan haihuwa, ta yaya za ta faɗi cikinta da wayar mijinta, kishiya tana tsakar gida? Ga kuma harshe. Wanda zuciyarsa ke magana da Dandanci ko Hausa ba zai sami sauƙi da Faransanci ba.

A ganinmu, a fara da ido da ido. Ku je asibiti mafi kusa, malamin asibiti ya duba mutum, domin rashin jini da wasu cututtuka su ma suna kawo kasala. Bayan an san juna, ku tambaye shi ko zai yarda a ci gaba da magana ta waya. Ku tsai da rana da lokaci, ku ba marar lafiya wuri shi kaɗai.

Wanda ya fara zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko ya bar ci da sha, wannan ba na waya ba ne. Kada a ɗaure shi, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibitin Gaya a ranar, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Doso.