Sauya Tankin Mai a Tsohuwar A-kori-kura: Aikin Yana Wajen Waya

A Amurka, har zuwa 1972, tankin fetur na a-kori-kurar Chevrolet yana cikin gidan direba ne, a bayan kujera. Daga 1973 zuwa 1987 kamfanin ya fito da shi, amma ya rataye shi a gefe, wajen ƙarafan shasi, inda karo zai iya fasa shi. Don haka masu waɗannan motoci suna da hujja idan suka mayar da tankin baya, tsakanin ƙarafan shasi. Inda ake tafka kuskure shi ne ɗaukar cewa da tanki ya zauna an ɗaure shi, aiki ya ƙare, alhali gejin mai bai san da zuwan baƙo ba.

A cikin kowane tanki akwai 'yar na'ura mai siririn hannu, da ƙwallo a bakinsa yana yawo a kan mai. Mai ya sauka, ƙwallon ya bi shi, turjiyar lantarki ta canja, allurar geji ta motsa. Matsalar ita ce kowane kamfani da nasa lissafin. Tsohuwar Chevrolet, daga wajen 1965, tana karanta turjiyar ohm 0 a matsayin ba mai, 90 kuma cike; kafin nan 30 ne cike. Ford kuwa, kafin 1987, akasin haka take: 73 ba mai, 10 cike. Haɗa na'urar Ford da gejin Chevrolet, sai ka cika tanki allura ta kwanta ƙasa, mai ya ƙare ta miƙe sama. Wani zai ce ai sai a juya wayoyi. Ba zai yi ba, domin waya ɗaya ce ke kai saƙo geji, ɗaya ɓangaren jikin mota ne. Shi ma wannan ana yawan mantawa da shi: tankin roba, ko wanda aka shafe da fenti, dole a ja masa waya ta daban zuwa shasi, in ba haka ba allurar Chevrolet takan wuce cike ta maƙale.

Akwai masu cewa direban da ya san motarsa ba ya buƙatar geji. Wannan ganganci ne, musamman a motocin da famfon mai yake cikin tanki, kamar Chevrolet ta 1987, domin fetur ne ke sanyaya shi, yawan barinsa a bushe kuma yana ƙona shi. Kafin a ɗora tanki, a sa mitar auna ohm a kan na'urar cikinsa, a ɗaga hannun a sauke, a tabbatar lambobin sun dace da gejin. In ba su dace ba, a sauya ɗaya daga cikinsu.