Ƙaramar bindiga mai araha a Amurka: me ake sadaukarwa don sauƙin farashi?

Yadda Tecno, Infinix da Redmi ke kokawa a kan mai ƙaramin ƙarfi a kasuwar waya, haka kamfanonin ƙananan bindigogi masu loda harsashi da kansu suke yi a Amurka.

Tun da Glock na Ostiriya ya fito da gangar jiki ta roba mai tauri a farkon shekarun 1980, kuɗin ƙira ya sauka, masu kwaikwayo suka yawaita. Hi-Point na jihar Ohio yana cikin mafi araha, sai dai bindigarsa C9 tana da nauyi kuma harsashi 8 kawai take ɗauka. Taurus na Brazil ya fi shi rashin nauyi da G3c mai ɗaukar 12. Canik na Turkiyya kuwa ana yabon kunamarsa, amma sai ka ƙara kuɗi.

Abin da duk suka rasa shi ne sanin mai su. Biofire ta 2023 tana duba yatsa ko fuska kafin ta tashi, amma dala 1,499 aka sa farashinta a lokacin. Araha a nan tana nufin yaron gida ma zai iya harba ta.

A Najeriya dai, doka ta haramta mallakar irin wannan bindiga sai da lasisin Shugaban Ƙasa.