Ba Kumfa Ke Wanke Mota Ba

Ranar kasuwa a Geceme, da an sallame la'asar sai ƴan kabu-kabu su fara gangarowa wajen masu wanki. Tun safe suke jigila, wannan ya fito Lido, wancan ya kai fasinja Tibiri ko Dumega, babura sun sha jar ƙasa har ba ka bambance ja da baƙi. Wata rana na zauna kan benci a gindin bedi ina jiran a zo kan motar da ta kawo ni, sai na zuba wa wani saurayi ido. Ya yage ledar omo da haƙori, ya zazzage ta cikin bidon da aka yanke rabi, ya kaɗa da hannu har kumfa ta yi tozo. Ya tsoma soso, ya fara da taya, ya bi sarƙa, ya sake tsomawa cikin ruwan nan dai, sannan ya hau tankin mai yana murzawa da ƙarfinsa duka. Da ya watsa ruwa babur ya fito yana walƙiya. Bayan minti goma, da rana ta shanye ruwan, sai ga tankin ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba da hunturu, kuma in ka karkata kai za ka ga siraran zane sun kewaye shi kamar saƙar gizo.

Na ce masa, "Samari, ba ka ganin omon nan ya yi yawa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, in mai moto bai ga kumfa ba, cewa zai yi ban yi aiki ba." Gaskiyarsa. Mu masu abin hawa mu muka koya wa masu wanki cewa kumfa ita ce shaidar aiki, alhali kumfa iska ce da ta maƙale cikin ruwan sabulu. Ɗan amfaninta shi ne tana sa ruwa ya daɗe a jikin ƙofa bai zurare ba. Ban da wannan, yawanta ba ya nuna ingancin sabulu, kuma kamfanoni da dama suna ƙara sinadarin kumfa ne don sun san abin da idon mai saye ke so.

Kafin a yi maganar sabulu, a san abin da ake wankewa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke manne da ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai kamar gilashi a sama, wanda shi ne ke ba mota sheƙi, shi ke kuma tare wa launin zafin rana. Tun wajen shekarun 1980 wannan tsari ya zama ruwan dare a masana'antun mota. Wannan hawa na sama kaurinsa bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 na milimita ba, wato bai kai silin gashin kai ba. Duk abin da ka kankare daga gare shi ya tafi ke nan, ba ya tsirowa.

Ga kuma abokin gabarsa, wanda mu a Arewa muke kwana muke tashi da shi. Yashin kwarin Dallol Mawri, kamar yawancin yashi, ƙwayoyin wani dutse ne da masana ke kira kwats. A shekarar 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai bisa taurinsu daga 1 zuwa 10. Daimon ne na 10, kwats na 7, gilashi wajen 5 da rabi, farcen mutum 2 da rabi. Fentin mota ya fi kusa da farce. Ke nan ƙwayar yashin da ke iya zana gilashi ba ta ko jin fenti. Duk sanda soso ya kwashi yashi daga taya ya hau jikin mota, kamar an ɗauki takardar sampefa ce ana gurzawa. Haka ma mai gadin da ke ɗaukar busasshen tsumma kowace safiya da hunturu yana share ƙura don ya faranta wa maigida rai: ɓarna yake yi da kyakkyawar niyya. A ganina, a ƙasa irin tamu, yashi ya fi mummunan sabulu cin fenti nesa ba kusa ba, kuma babban aikin sabulun mota shi ne ya sa santsi tsakanin yashin da fentin, ƙwayar ta zame ta faɗi ba tare da ta ja layi ba.

Yadda sabulu ke aiki abu ne mai sauƙi. Ƙwayarsa kamar tsinken ashana take, kan na son ruwa, jikin na son maiƙo. Jikin ya cusa kansa cikin datti mai maiƙo, kan ya riƙe ruwa, in an ɗauraye sai su tafi tare. Kowane sabulu haka yake. Bambancin yana cikin abin da aka haɗa shi da shi. Garin wanki, wanda muke kira omo ko da Klin ne ko Ariel, an yi shi ne don tufafi: ya cire gumi, miya da manja daga cikin zare. Shi ya sa ake zuba masa gishiri mai kaifi, ɗan'uwan kanwa. Akwai ma'aunin da wani masani ɗan Denmak, Sørensen, ya fito da shi a 1909, ana ce masa pH. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa, 7 ɗin kuma ruwa ne tsantsa. Lemun tsami na wajen 2, ruwan omo tsakanin 10 da 11, sodar da ake dafa sabulu da ita kuwa 13 zuwa 14. Kada tazarar ta ruɗe ka: kowane mataki ninki goma ne, don haka 10 ya fi 7 kaifi sau dubu.

Ba zan ce wanki ɗaya da omo zai kashe mota ba, wannan ƙari ne irin na masu talla. Illarsa a hankali take zuwa. Yana wanke folish ɗin da aka shafa don kare fenti, ya bar shi tsirara a rana. Yana busar da robar da ke kewaye da gilashi da baƙar robar bamba har su koma toka-toka. Alminiyom ba ya shiri da kanwa ko kaɗan, shi ya sa murfin injin babur da ake wankewa da omo kullum yake dusashewa ya yi dabbare-dabbare. Sai kuma garin da bai gama narkewa ba, wanda shi ma gurza yake yi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, bonet ɗin baƙar mota na iya kai 70. Ruwan omo ya sauka a kai, kafin yaro ya zagayo da bokiti ya bushe, gishirin ya zauna ya bar tabo.

Sabulun sanda da sabulun salo fa? Na salo, da iyayenmu mata ke haɗawa da ruwan toka da mai, yana da kyau ga fata a wurin masu sonsa, amma shi ma ɓangaren kanwa yake. Matsalar su biyun ita ce ruwa. Duk wanda ya sha ruwan rijiyoyi a cikin dallol ya san ba ɗaya suke ba: wata ruwanta garɗi, wata zartsi. In ruwa na da ma'adinin farar ƙasa da yawa, sabulun da aka yi da mai yakan haɗu da shi ya zama wani farin dauɗa mai danƙo, irin wanda ake gani a bakin bahon wanka. A jikin mota wannan dauɗar ce ke kashe sheƙi. Sabulan roba, waɗanda Jamusawa suka fara haɗawa a 1916 saboda ƙarancin kitse a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba sa yin wannan, kuma daga zuriyarsu aka samu sabulun mota na yau.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabulun ruwa marar suna da ake sayarwa cikin gorar ruwan sha, kore ko shuɗi, mai ƙamshin lemo. Mata da matasa da yawa sun koyi haɗa shi, sana'a ce mai kyau, ban kushe ta ba. Sai dai haɗin ya danganta da hannun mai yi. In soda ta yi yawa, ya fi omo kaifi, kuma babu takarda a jiki da za ta faɗa maka. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: ka jiƙa garin kurkum da ruwa, ka shafa a farar takarda ko farin ƙyalle, ka bari ya bushe. Ɗiga ruwan sabulun a kai. In wurin ya tsaya ɗorawa yadda yake, sabulun mai laushi ne. In ya koma ja, akwai kanwa a ciki, kuma gwargwadon jan gwargwadon kaifin. Duk matar da ta taɓa wanke zanen da miyar kurkum ta zuba a kai ta ga wannan jan da idonta. Ita ma fatar hannun mai wanki shaida ce. In ka ga tafinsa ya yi kaushi yana saɓa, gefen farce ya tsattsage, to sabulun da yake aiki da shi ne ya ci shi.

Sabulun da aka yi musamman don mota ba a cika samunsa a kantin ƙauye ba. Sai an nemi masu kayan mota a Dogon Dutsi ko Doso, ko a saƙa wa direban da ke zuwa Yamai, ko mai tsallakawa Najeriya. In ka riƙe gorar, nemi inda aka rubuta pH neutre ko pH 7. Ka duba ko an faɗi yawan da za a zuba cikin bokiti, domin na kirki mai kauri ne, murfi ɗaya ko biyu ke isar lita 10, don haka gorar da ta yi maka tsada a kanti za ta iya kai ka watanni. Ka haɗa kaɗan da ruwa ka murza tsakanin yatsu: santsi kamar yauƙin kuɓewa kake nema. Akwai masu haɗe da kaki a ciki, galibi kakin karnauba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Suna sa ruwa ya dunƙule ya gangara, amma kariyarsu ba ta daɗewa, ba sa maye gurbin folish na gaske. Wanda kuma aka rubuta cewa na inji ne ko na cire baƙin mai, kada ya kusanci fenti.

In babu sabulun mota, sabulun wankin gashi mai laushi, irin na jarirai, cokali biyu a bokiti, ya fi omo sau nawa. Sabulun ruwa na wanke kwanoni shi ma bai kai omo kaifi ba, amma tun da aikinsa cire maiƙo ne, yana tafiya da folish, sai a bar shi don ranar da za a sake shafa sabo.

Ko sabulun Faransa ka saya, in aka yi wankin yadda saurayin nan ya yi, kuɗinka ka zubar. A fara kwara ruwa zalla daga sama har ƙasa, yashi ya sauka kafin hannu ya taɓa. Na san ruwa da kuɗi ake sayensa wurin ƴan ga-ruwa, amma butar alwala biyu ko uku sun isa wannan aiki a babur. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi. A fara da rufi a ƙare da taya, kuma taya ta samu nata soson. Soson buhu da na waya su tsaya wurin tukwane, a nemi tawul mai laushi. A yi wankin a inuwa, da safe ko da yamma, a tsane ruwan da ƙyalle kada a bar wa rana. Kashin tsuntsu kuwa, ga mai ajiye mota a gindin bedi, ba ya jiran ranar wanki: akwai tsami a cikinsa da ke cin fenti, a jiƙa shi a ɗauke a ranar.

Masu babur su ƙara da abu biyu. Omo na wanke man sarƙa tas, in ba a sake sa mata mai ba sai ta fara ƙara ta yi tsatsa. Kuma ruwan sabulu in ya shiga birki, ba ya kamawa sai ya bushe, don haka a taka shi sau da dama a hankali kafin a ɗauki fasinja.

Saura inda ruwan wankin ke zuwa. A cikin dallol ruwa kusa yake, akwai wuraren da ƴan mitoci kaɗan za ka haƙa ka same shi, shi ya sa garake da rake suke yi a nan. Tun 2004 Dallol Mawri ke cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye. Yashi kuwa ba ya riƙe komai, abin da aka zuba masa wucewa yake yi ƙasa, da baƙin man inji, da fetur ɗin da ake wanke sarƙa da shi, da gishirin omo. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin fosfat a garin wanki tun 2013 saboda yadda yake ɓata tafkuna, mu kuwa abin da kasuwa ta kawo shi muke saye. Don haka masu wankin Geceme da Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa, don Allah a ja da wurin wanki nesa da bakin rijiya da tabki. Kai kuma mai mota, in ka je wanki gobe, tafi da sabulunka da tawul ɗinka, ka ce wa yaron ya fara da ruwa zalla, ka kuma biya shi kuɗin bido ɗaya na ƙari.