Tantanin Ƙwayar Rai da Ruwan Gishiri da Sukari

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ya ga ba a jima ba ta fara tsatsafar ruwa. Ina ruwan nan ya fito?

Jikin albasa, da namu duka, an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin rai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, shi ne kamar katangar gida mai ƙofofi. Iskar da muke shaƙa takan ratsa shi da kanta, daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan. Ruwa kuwa yakan bi gishiri, watau ya nufi gefen da gishiri ya fi yawa. Dalilin kukan albasa ke nan. Amma gishiri da sukari ba su wucewa sai ta ƙofofinsu.

To, me ya dame mu? Mu a Dubeli maƙwabtan Binuwai ne. In kogi ya yi ambaliya, kamar ta 2012, rijiyoyi sukan ƙazantu, kwalara ta samu hanya. Dafinta yana sa ƙwayoyin hanji su riƙa zubar da gishiri, ruwa ya bi shi, har mutum ya bushe cikin yini guda.

A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a tantanin hanji wadda ke shigar da gishiri da sukari tare. Kwalara ba ta rufe ta. In sun shiga, sai ruwa ya biyo su cikin jini. A 1971 Likita Dilip Mahalanabis ya shayar da 'yan gudun hijira a Indiya wannan haɗi, mace-mace suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Ga awon: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara, gama sukari mai yawa janyo ruwa yake daga jiki. A riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan, ana hanyar asibiti.

Gobe mu ne malamai. Mu shiga aji da albasa da gishiri, yara su gani da idonsu, su kai labari gida.